Kwanan watan da ke jikin katin taimshiya: mi ke ƙarewa in ya cika?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda sunka san harkar taimshiya, wato masaukin hutun nan na ƙasashen waje da mutum ke sayen mako guda cikinsa duk shekara, ana karɓa-karɓa da sauran masu saye. Takardun mahaifinmu ne a hannuna. Ya sayi mako na 32 a wani masauki a Afirka ta Kudu a 2012, yarjejeniyar ta ce shekara 30. Kati biyu ne cikin ambulan ɗin: na masaukin kansa an rubuta 12/27 a ƙasansa, na kamfanin musaya (wanda ke canza maka makonka da na wani masauki) kuma an rubuta 09/26. Akwai makon 2024 da anka ajiye wurin kamfanin musayar, ba a yi amfani da shi ba. Muna so mu karɓi masauki a Dubai da shi a hutun Disamba na 2026.

Abin da ya ɗaure mani kai: in shekara 30 anka saya, don mi katin zai mutu a 2027? In ya mutu, makon ya tafi ke nan? In kuma ba mu son ci gaba, za mu iya barin katin ya mutu da kansa mu huta da kuɗin da ake biya duk shekara?

Akawun Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Mabera, kwantar da hankalinka kan 12/27 ɗin nan, shi ne mafi rauni cikin kwanakin watan da ke hannunka. Katin masauki shaida ce kawai ta cewa mai riƙe da shi mamba ne. Ana sa masa wa'adi ne don wanda ya sayar da makonsa, ko wanda ya daina biya, kar ya ci gaba da nuna tsohon kati yana cin rangwamen da ake yi wa mambobi a wurin cin abinci da shaguna. Kamar takardun mota ne. Sun mutu ba ya nufin motar ta daina zama taka, amma ba ya nufin bashin da ke kanta ya faɗi. In asusun Alhaji mahaifinku babu bashi, masaukin zai sabunta katin, wasu su aiko da shi, wasu sai an nema, da yawa kuma yanzu sun daina buga na roba, cikin manhajar waya ake ganinsa.

Wa'adin da ke da nauyi yana cikin yarjejeniya. Ka nemi shafin da ya faɗi irin abin da anka sayar masa, domin iri biyu ne manya. Akwai wanda ake sayar maka da kaso cikin ginin ko hannun jari a kamfanin da ya mallaki ginin, wannan sau da yawa ba shi da ranar ƙarewa, har magada ya kan bi. Akwai kuma wanda cin moriya kawai ka saya na adadin shekaru, ranar da sunka cika komai ya koma hannun mai gini, ba a mayar maka da sisi. Tunda taku ta ce shekara 30, kusan tabbas iri na biyu ne. Ko a nan gida ai mun san irinsa, takardar mallakar fili da gwamna ke sa wa hannu galibi shekara 99 ce.

Manyan kamfanonin ma haka suke. Kulob ɗin hutu na Disney a Amurka kowane masaukinsa da ranar ƙarewarsa, kuma duk 31 ga Janairu ce: tsofaffin irin su BoardWalk da Beach Club 2042, Saratoga Springs 2054, Riviera 2070. Wanda ya sayi na hannu a yau a BoardWalk ba sabon lissafi za a fara masa ba, ragowar shekarun kawai ya saya. A Sifen kuwa dokar 1998 ta ƙayyade cewa irin wannan haƙƙi ba ya wuce shekara 50, shi ya sa daga 2015 kotun ƙolinsu ta riƙa rushe yarjejeniyoyin da anka rubuta su ba iyaka.

Wurin da mutane ke kuskure shi ne farkon ƙirga. Ba lalle daga ranar sa hannu ake farawa ba, yawanci daga shekarar amfani ta farko ce. In Alhaji ya sa hannu a 2012 kuma ya ci makon 2012, shekara ta 30 ita ce 2041. In sai 2013 makonsa na farko ya faɗo, to 2042. Ka duba kuma ko duk shekara ne ko shekara bi shekara ana tsallake ɗaya, domin akwai yarjejeniyar da ke ba da mako a shekaru masu mara kawai ko masu cika kawai. Irin wannan shekara 30 ɗinta mako 15 ne.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, a'a. Kuɗin kula da gini na shekara ba a jikin kati yake ba, a jikin yarjejeniya yake. Ko ka jefa katin a Gulbin Rima, takardar biya za ta fito a kan lokacinta. In ba a biya ba, matakin farko su toshe asusun, ba kama ɗaki ba musaya. Sai tara ta hau kai, sai su miƙa bashin ga masu karɓar bashi, daga ƙarshe su ƙwace makon. Wasu na cewa ai muna Sakkwato, wa zai biyo mu? Gaskiya ne biyo mutum har nan da wuya, amma an yi asarar ragowar shekara 15 ko 16 da anka riga anka biya kuɗinsu tun 2012. In da gaske kun gaji, hanya ita ce a rubuta wa masaukin a tambaya ko suna karɓar mako a mayar musu. Da yawa suna karɓa, da sharaɗin a share duk bashin da ke kai tukuna, kuma ku tabbatar kun karɓi takardar da ta ce sun sallame shi daga yarjejeniyar. Maganar baki ta waya ba ta wadatar ba.

Hajiya Arkilla

Akawu ya gama da katin masauki. Ni katin nan na 09/26 ne ya fi tsaya mani, domin shi ne zai ɓata muku tafiyar Disamba.

Kamfanin musaya dabam yake da masaukin. Manyan biyu ne a duniya, RCI da anka kafa a 1974 da Interval International da anka kafa a 1976. Ba su sayar maka da mako ba, aikinsu kawai su karɓi naka su ba ka na wani a wata ƙasa. Zama mamba wurinsu kuɗi ne ake biya na shekara ɗaya, ko a haɗa shekaru a biya lokaci guda da ɗan rangwame. To kwanan watan da ke katinsu na gaske ne, shi ne ranar da kuɗin ya ƙare. Kuma ƙa'idarsu ita ce dole zamanka mamba ya kai har ranar da za ka fita daga ɗakin da anka ba ka, ba ranar da ka yi buƙata ba. Ko yau ka shiga shafinsu ka nemi Disamba 2026 da katin da zai mutu a Satumba, za su ce ka sabunta tukuna.

Sai dai ka fara tambayar masaukin abu guda: wa ke biyan kuɗin musayar? Wasu kulob-kulob suna cusa shi cikin kuɗin shekara da suke karɓa, sai wa'adin ya riƙa matsawa gaba da kansa duk sanda anka biya su. In haka ne, kar ka biya sau biyu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Makon da anka ajiye shi ma yana da nasa wa'adin, kuma ba ya bin na kati. A tsarin makonni na kamfanonin biyu, ana iya tafiya da makon ajiya har shekara 2 daga ranar da makon ya faɗo. Mako na 32 cikin Agusta yake faɗowa. Ke nan makon 2024 ɗinku zai mutu cikin Agusta 2026, wata huɗu kafin Disambar da kuke so. Ko ka sabunta kati na shekara biyar, wannan ba zai motsa ba. Mafita biyu ce. Ko ku sayi ƙarin wa'adi a kan makon, wanda suke sayarwa da kuɗi dabam, kuma a yi shi kafin ya mutu. Ko ku bar shi don wata tafiya kafin Agusta, ku ajiye makon 2026 ku nemi Dubai da shi.

In makon 2026 za ku ajiye, kar a yi nawa. A RCI ƙarfin makonka wurin musaya yana cika ne in ka ajiye shi da saura wata 9 ko fiye, daga nan yana ta raguwa. A Interval kuma makon da anka ajiye da saura ƙasa da kwana 60 ana ɗaukarsa ajiyar makara, ba zai samo maka komai ba sai abin da ya rage na kurkusa. Kuma kafin ajiyar ta zauna sai masaukin ya tabbatar musu an biya kuɗin kula na wannan shekarar.

Tsarin da zan ba ka: ka shiga asusun ta intanet ka rubuta ranakun biyu kamar yadda suke a can, ranar ƙarewar zama mamba da ranar mutuwar ajiya, domin abin da ke kwamfutarsu shi ake bi ba abin da ke kan roba ba. Ka biya kuɗin kula in akwai saura. Ka sabunta zama mamba ya wuce Janairu 2027. Sannan ka sa buƙatar Dubai su riƙa nema maka, kar ka tsaya jiran ka gani da idonka a shafi. Disamba lokacin sanyi ne a can, kowa can ya nufa, kuma masaukan musaya a Dubai ba su da yawa. Ka buɗe ranakun, ka ce daga 12 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu duk wanda ya samu. Tikitin jirgi shi ne na ƙarshe, sai takardar tabbacin ɗaki ta shigo hannu.

Sai maganar biya daga nan. Yawancin katunan da ke mutuwa ba da niyya suke mutuwa ba. An sa sabuntawa ta kai tsaye a kan katin banki, sai katin bankin ya ƙare anka canza shi, ko banki ya hana cirar kuɗin waje. Tun 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a ƙetare, ko da sunka dawo da shi a 2025 da iyaka ya dawo. Saƙon gargaɗi kuma yana tafiya tsohon imel da ba mai buɗewa. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali, kuma a canza imel da lambar waya zuwa na wanda ke riƙe da takardun.

Ɗan Mabera

Allah shi saka da alheri, Akawu da Hajiya. Na duba, shekarar amfani ta farko 2013 ce, kuma mu ke biyan kuɗin musaya da kanmu. Ajiyar an rubuta 08/10/2026, sai na ɗauka 8 ga Oktoba ne. Wani abu kuma: ƙanen Baba yana da irin wannan a Makka, nasa kwanakin Azumi ne. Lissafin ɗaya ne?

Hajiya Arkilla

Ɗana, wannan 10 ga Agusta ne, ba 8 ga Oktoba ba. Kamfanonin Amurka wata suke fara rubutawa sannan rana. Hujjar tana hannunka, mako na 32 ba ya kai Oktoba. Duk sanda lambobin farko biyu ba su wuce 12 ba, kar ka yi ƙiyasi, ka nemi inda anka rubuta sunan watan da haruffa, ko ka sa su faɗa maka a rubuce.

Malam na Gwiwa

Bismillah. Game da na Makka, tushen ɗaya ne amma agogon dabam.

Wanda anka fi sani shi ne na Hasumiyar Zamzam da ke cikin gine-ginen Abrajul Bait, gefen Harami. Filin waƙafin Sarki Abdul'aziz ne, ba a sayar da shi. Kamfanin Munshaat na Kuwait ya karɓi hayar hasumiyar ta shekara 24, ya yanka ta kwanaki-kwanaki ya sayar da takardun da ake kira sukukul intifa'i, wato takardun cin moriya. Saboda haka mai riƙe da irin wannan ba shi da ko bulo ɗaya a ginin, kwanaki yake da su, kuma ba za su wuce wa'adin hayar da shi kamfanin ya karɓa ba. Wanda ya ba ka aron gonar da shi ma haya ya karɓa, ai ba zai ba ka fiye da shekarunsa ba. Ko na ƙanen mahaifinka wannan ne ko wani, ya nemi ranar ƙarewar babbar hayar, ba ta katinsa ba.

Abu na biyu, ya duba da wace kalanda anka rubuta shekarun. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A shekara 24 bambancin ya kai wajen kwana 260, wata takwas da rabi ke nan. Mai ƙirga da kalandar bango ta banki zai zata yana da saura, alhali wa'adi ya cika. Kwanakin kansu ma suna ja baya duk shekara: Azumin 1445 ya kama 11 ga Maris 2024, na 1446 ya kama 1 ga Maris 2025. Kuma masauki a Saudiyya da kalandar Ummul Ƙura yake aiki, wadda anka riga anka lissafa. Mu nan muna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, wani lokaci a dace, wani lokaci a sami bambancin kwana guda. In takarda ta ce daga 21 ga Ramadan, to 21 ɗin Ummul Ƙura ake nufi. Ya sa su rubuto masa ranar shiga da ranar fita da Miladiyya kafin ya yanki tikiti daga filin jirgin Sultan Abubakar III.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan ciniki a Putrajaya ta Malesiya a Yulin 2007, ta fitar da matsaya mai lamba 170. Ta halatta shi ta fuska biyu, sayen kaso a cikin gini sananne, ko hayar moriyarsa na lokaci sananne, masu shi su riƙa karɓa-karɓa, abin da malamai ke kira muhaya'a, kamar yadda magada kan yi da gonar da ba ta rabuwa. Ta kuma halatta musayar kwanaki tsakanin masu su. Abin lura a nan: a fuskar haya, manyan gyare-gyaren da moriya ba ta samuwa sai da su suna kan mai gini, na yau da kullum ne ake iya ɗora wa ɗan haya. Yarjejeniyoyin Turawa ba su cika rarrabe wannan ba, komai kan mamba suke jibgewa.

Sai abin da ba a son faɗa amma dole ne. In mai kati ya rasu, ragowar shekarun ba su mutu da shi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya haya ba ta warwarewa da mutuwar ɗan haya, saɓanin Hanafiyya. Moriyar ta shiga cikin abin da za a raba, bashin kuɗin kula kuma a fitar da shi kafin rabo. Tunda Alhaji na raye, Allah shi ƙara masa lafiya, ya fi sauƙi ya sa hannu yanzu a ƙara sunan ɗaya daga cikinku a asusun, da a ce sai an bi takardun gado ta kotu a aika wata ƙasa.

Akawun Runjin Sambo

Allah shi gafarta Malam, zan ɗan yi gyara kan ƙara suna. Ƙara mutum a asusun kamfanin musaya abu ne mai sauƙi. Amma ƙara shi a yarjejeniyar masauki yana nufin ya zama abokin bashi, kuɗin kula ya hau kansa har 2042 ko yana so ko ba ya so. In manufa ita ce kawai a samu mai yi wa Alhaji magana da su, takardar wakilci ta isa. A sa suna cikin yarjejeniya sai ga wanda ya tabbata zai riƙa tafiyar.

Kuma Ɗan Mabera, ka sa ido daga yanzu zuwa ƙarshen 2027. Lokacin da kati ya kusa cika ne ake samun kira iri biyu. Na farko daga masu talla, su ce zo mu sabunta maka, mu mayar da makonka maki da za ka riƙa kama ɗaki da su, ka fi samun walwala. Wannan ba sabunta kati ba ne, sabuwar yarjejeniya ce da sabon kuɗi, wani lokaci da sababbin shekaru da ba ka nema ba. Sabunta katin masauki ba ya buƙatar sa hannu a shafi goma. In an riga an sa hannu, akwai kwanakin janyewa amma gajeru ne: kwana 14 a Ingila da Tarayyar Turai, kwana 10 a jihar Florida, kwanakin aiki 5 a Meziko, haka kwanakin aiki 5 a Afirka ta Kudu in su sunka biyo ka da tallan. A rubuce ake janyewa, a riƙe shaidar ranar aikawa.

Na biyu ɓarayi ne tsantsa. Za su ce akwai mai son sayen makon da tsada kafin kati ya mutu, ka turo kuɗin haraji ko na lauya tukuna. Makon hannu a kasuwa ba ya kai ko kusa da kuɗin da anka saye shi, wasu kyauta ma ake neman mai karɓa don a tsira daga kuɗin shekara. Duk wanda ya taya da tsada kuma ya ce ka fara biya, ka kashe wayar, ka kira lambar da ke kan takardar biyan kuɗin kula ta bara.

Hajiya Arkilla

Na manta abu guda. In Alhaji ba ya cikin tafiyar Dubai, katinsa ko yana da rai ba zai buɗe muku ƙofa ba. Sai an sayi takardar baƙo daga kamfanin musayar da sunan wanda zai karɓi mabuɗi, kuma galibi sai ya kai shekara 21. A rubuta sunan harafi da harafi yadda yake a fasfo. In fasfo ya ce Mohammed, kar a rubuta Muhammadu, in Bello ne sunan ƙarshe kar a mayar da shi na tsakiya. Fasfon ma a duba, ya zama da saura wata 6 aƙalla daga ranar sauka. Wanda nasa zai mutu kafin Yulin 2027 ya je ofishin shige da fice tun yanzu, kar ya bari sai Nuwamba.